Ƙugiyar Unguwa

Shamsu magini yana cikin juye amalanken yashi na uku a bakin rijiya, Malam Hamisu na tsaye a kansa yana nuna masa da bakin sanda inda zai zuba, sai ga Mero matar Dogo ta ɓullo daga lungu, mayafi a karkace. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Malam Hamisu, maƙwabcinka shina kira."

Malam Hamisu ya waiga baya, kamar akwai wani Hamisun a wurin.

"Ni?"

"Yo Hamisu nawa gare mu a unguwagga? Ka taho tun shina iya magana."

Shamsu ya saki amalanke ya tsaya kallo. Kowa a unguwar ya san katanga ɗaya ce ta raba gidan Malam Hamisu da na Dogo mai haƙar rijiya, kowa kuma ya san shekara uku ke nan ɗayansu bai taka zauren ɗaya ba. Suna haɗuwa a masallaci, su yi musafaha da bakin yatsu, kowa ya kama gabansa. Ko da aka kai Dogo babban asibiti, aka dawo da shi bayan kwana tara aka ce a ci gaba da addu'a, Malam Hamisu bai shiga dubiya ba. Kunu ya sa matarsa Ladidi ta miƙa ta kan katanga.

"Kai kuma ci gaba da aikinka," ya ce wa Shamsu. "Jibi da sahe za a zuba kankare. Ban son jin uzuri."

Shekarar da Shari'a ta fara aiki ce, bazara ta kai inda ta kai a Kaura Namoda. Tun da aka ba Zamfara jiha abubuwa suka riƙa isowa unguwanni ɗaya bayan ɗaya, waɗannan an yi musu kwalbati, waɗancan an rufa musu ajin makaranta. Su Malam Hamisu burtsatse suka samu, da tanki a sama da kan famfo shida. Aka naɗa kwamitin ruwa, aka ba shi shugabanci, don mai sayar da hatsi ne da ba a taɓa jin ya tauye tiya ba. Kwamitin ne ya ce a rufe tsohuwar rijiyar unguwa da kankare, tunda bakinta ya zaizaye, har akuya biyu sun faɗa bara. Wanda ya fi kowa matsawa a rufe, Malam Hamisu ne. Mutane suka ɗauka tsoron hatsari ne ya dame shi.

Ya bi Mero. Yana sa ƙafa a zauren Dogo idonsa ya tafi inda bai so ba. Can sama da ƙofa akwai ƙusa, a kan ƙusar akwai hula zanna shuɗiya, gizo-gizo ya yi mata saƙa har bango. Hularsa ce.

Mutanen yanzu sai an tsaya an yi musu bayani. Guga in ya tsinke ya faɗa rijiya, da ƙugiya ake ciro shi, ƙarfe ne mai haƙora a lanƙwashe da ake zurawa da igiya a yi ta lalube. Ba kowane gida ke da ita ba. Unguwa guda, ƙugiya guda, kuma a hannun mutum guda take zama. Duk mai so ya zo aro sai ya bar jingina, ko faifai, ko marfin kwano, ko hular kansa. In ya mayar, ya ɗauki abinsa. Wanda kuma ya yi sakaci ta faɗa masa ciki, shi zai shiga ya fito da ita, ba ɗan aike, ba ɗan haya. Haka aka tarar, ba wanda ya taɓa neman dalili.

Shekara uku da suka wuce Malam Hamisu ya ari ƙugiyar unguwa a wurin Dogo, mai riƙonta, ya bar wannan hula. Ranar Alhamis ce, Dogo ya tafi kasuwar Shinkafi. Da ya dawo ya tambaya, Malam Hamisu ya ce ai ya mayar tun da azahar, ya jingine ta a zaure. Dogo ya ce bai gani ba, hula kuma ba ta sauka sai ƙugiya ta hau. Daga nan magana ta watsu. Wasu suka ce ɓarawo ne ya zaga. Wasu suka ce Dogo ne, tari ya hana shi shiga rijiya, abinci ya yi wuya, ya sayar wa 'yan gwangwan. Wannan ta biyun ita ta fi zama a bakin mutane, don ta fi daɗin faɗi.

Dogo yana kwance a kan katifa a ƙasa, an tara masa matasai a baya saboda numfashi. Mutumin da ake cewa in ya miƙa hannu daga ƙasan rijiya sai ya kamo baki, yanzu ƙafafunsa sun koma kamar kara. Idonsa ne kaɗai bai canza ba.

"Ciyaman," ya ce. "Ka iso."

"Sannu, Dogo. Ya jikin?"

"Jiki ya gama nashi. Zamna." Ya ja numfashi. "An ce jibi za ka ruhe ta."

"Kwamiti ne ya yanke."

"Kwamiti." Dogo ya yi dariyar da ta koma tari, har sai da Mero ta tallabe shi. Da ya lafa ya ce, "Mero, jawo su."

Ta sunkuya ta jawo guga uku daga bayan adaka, tsofaffi, na robar taya, ta zube su a gaban Malam Hamisu. Kowanne a yage yake daga gindi.

"Wanga na tsohuwa Kulsumu ne," in ji Dogo. "Wanga na masallaci. Wanga namu. Duba yankan da kyau. Dutse ba ya yanka haka, saiwa ba ta yanka haka. Layi biyu ne a jere, tsakaninsu yatsa huɗu. Ni na san haƙoranta kamar na bakina."

Malam Hamisu ya kalli gugunan, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Tana ƙasa, Hamisu. Wajen gabas, inda ƙasan ya zurma. Tun watan da abin ya faru na sani."

Ana jiyo ƙarar shebur ɗin Shamsu daga nesa. Malam Hamisu ya buɗe baki don ya maimaita abin da ya saba faɗi. Abin da ya fita daban ne.

"In ka sani, mi ya hana ka hwaɗi?"

"Wa za a yarda da shi, mai tiya ko mai laka? Kuma na ce ƙila ka zo da ƙahwarka. Na yi ta jira. Ga shi jiran ya ƙare."

Mero ta miƙe tsaye, hannu a ƙugu.

"Kai da ka tahi Gusau ranar ƙaddamar da Shari'a, ka dawo muna murya a dishe don kabbara! Kullum kana ƙohwar masallaci kana ma mutane wa'azin amana. 'Yan gwangwan anka ce mijina ya saida ma ita, kana ji. Ɗana Sufyanu sai da ya yi dambe a tasha kan maganagga, har haƙori ya bari can, kana ji."

"Mero," in ji Dogo.

"Bar ni in hwaɗi, Malam. Shekara uku ina haɗiye ta."

"Kin hwaɗi. Ya isa." Dogo ya juyo da kai. "Ba ƙara za ni kai ka ba, Hamisu. Alƙalin da za ni wurinshi ba ya neman shaidu. Amma ƙugiyar ba tawa ba ce. Maƙerin da ya ƙera ta waƙafi ya yi ma unguwa. Ya ba marigayi Liman, Liman ya damƙa min hannu da hannu. Za a tambaye ni inda na kai ta. Ina son in miƙa ma wani, yadda anka miƙo min. Shi ke nan abin da na kira ka."

Malam Hamisu ya tashi. A zaure ya sunkuyar da kai ya wuce ƙarƙashin hularsa.

A gida Ladidi ta kawo masa fura ya ture. Ya zauna a inuwar rumbu yana jujjuya abin a ransa, kuma ba abin kirki kaɗai ya jujjuya ba, gara a faɗi gaskiya. Kwana biyu ne suka rage. Jibi kankare zai hau, Dogo kuwa duk wanda ya ga idon sawunsa ya san da wuya ya ga jibin. In an rufe, wa zai fasa kankaren gwamnati saboda maganar Mero da yagaggun guga uku? Ya riƙe wannan tunani ya daɗe, kamar mai riƙe da garwashi yana jiran ya huce.

"Malam," Ladidi ta ce daga bakin madafa, "katangar nan ba ta da kauri. Na ji."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Tun ranar na sani. Ni na wanke maka riga, tahin hannunka duk igiya ta sale shi. Ka nemo mai rijiya daga garin Banga mana, shi shiga da sassahe, ba wanda zai gani."

"Ba a shiga ma wani."

"To kai ka taɓa ko leƙa rijiya tun da na zo gidanga?"

Nan ta taɓa wurin. Yana ɗan shekara goma sha bakwai a Zurmi, yayansa Lukman ya shiga yasar rijiyar gidansu, shi yana cikin masu riƙe igiya. Suka ji igiyar ta yi nauyi, suka kira ba amsa. Da aka jawo shi babu rauni ko ɗaya a jikinsa, iskar ƙasa ce kawai ta ɗauke shi. Tun ranar Malam Hamisu bai sake duban cikin rijiya ba. Ranar da ya ari ƙugiya ma, fuskarsa na gefe yake lalube, kuma bai ɗaura bakin igiyar a wuyan hannu ba, alhali Dogo ba ya miƙa wa kowa ita sai ya ce a ɗaura. Ta kamo wani abu mai nauyi, ya fizga, igiyar ta sulale ta bi ta. Ya tsaya ya duba hagu da dama. Ba kowa. Dattijo mai gemu, a ce ya tsaya gaban unguwa ya ce tsoron rijiya yake ji? Ƙaryar ta zo masa da sauƙi fiye da wannan.

Aka kira azahar. Ya yi alwala, ya tafi. Bayan an sallame, mutane sun fara laluben takalma, sai ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya.

"Jama'a, ku dakata. Magana ɗaya ce." Muryarsa irin ta kasuwa ce, ba ta buƙatar lasifika. "Ƙugiyar unguwa tana cikin rijiya. Ni na jehwa ta, shekara uku ke nan. Na ce na maida, ban maida ba. Dogo bai saida komi ba. Duk wanda ya taɓa hwaɗin haka, daga bakina ya samo ta, shi je shi nemi gafarar mai ita tun shina da rai. Ni kuma bayan la'asar in Allah ya so za ni shiga."

Wani tsoho a sahun gaba ya ce, "Innalillahi." Sufyanu ɗan Dogo, direban motar haya, ƙato mai giɓi a gaban baki, yana tsaye da takalmi ɗaya a hannu yana dubansa kamar zai ci shi ɗanye.

Daga masallaci gidan Dogo ya wuce. Wannan karon bai jira an yi masa iso ba.

"Na hwaɗa masu," ya ce. "Koya min yadda ake shiga."

Dogo ya dube shi. Sannan ya gyara kwanciya, har muryarsa ta ɗan dawo, kamar an yi masa maganar budurwa.

"Da hwarko a zura hitila a kunne. In ta kai ƙasa tana ci, akwai iska. In ta mutu, kada ka shiga, ko ni na mutu ina jira. Ka ji?"

"Na ji."

"Tuɓe riga, daga kai sai wando. Igiya a ƙarƙashin hammata, ba a ciki ba. Akwai matakai jikin bango, ni na sassaƙa su, dama da hagu, tsawon ƙahwata na auna, kai kuwa gajere ne, sai ka buɗe da kyau. Zurhinta gaba goma sha ɗaya ne. Kada ka dubi sama, kada ka dubi ƙasa, dubi bangon da ke gaban hancinka. In ka isa ruwa iyakarshi ƙirji a bazaragga. Da ƙahwa za ka lalaba, ba da hannu ba, kuma a hankali, tana cizo."

"Wa zai riƙe igiya?"

"Sufyanu."

Malam Hamisu ya kawar da kai. Dogo ya gani, ya yi murmushi.

"Shina jin haushinka, awo. Amma ɗan mai rijiya ne. Ba mu sakin igiya."

Bayan la'asar bakin rijiya ya cika. Maza a gaba, mata sun tsaya can gefe wajen kan famfo, kowace da bokiti a hannu wai ɗiban ruwa ta zo. Aka gitta gungumen giginya a baki. Sufyanu ya kunna fitilar ƙwai ya ɗaura ya zura. Kowa ya zuba ido, ban da Malam Hamisu da ke duban yatsun ƙafarsa.

"Tana ci," in ji Sufyanu.

Malam Hamisu ya tuɓe babbar riga da 'yar ciki, ya miƙa wa Shamsu. Mutanen da suka shekara talatin ba su taɓa ganin ko gwiwar hannunsa ba, yau ga tumbinsa a fili da furfurar ƙirji. Sufyanu ya zo ya zagaya masa igiya, ya ƙulle, ya ja ƙullin da ƙarfin da ya fi na buƙata.

"Baba, in da don ta ni ne, da yau ka kwana ciki."

"Na sani. Riƙe dai."

Ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Matakin farko ya samu, na biyu sai da ya miƙe har cinyarsa ta yi ƙara. Zafin bazara ya yanke lokaci guda, wani sanyi mai warin laka ya rufe shi. Hayaniyar sama ta koma kamar daga cikin tulu. A gaba ta huɗu ya ga fuskar Lukman ƙiri-ƙiri yadda aka shimfiɗa shi a kan tabarma. Ya manne da bango ya kasa gaba ya kasa baya.

"Baba!" muryar Sufyanu ta sauko. "Ka tsaya. Lahiya?"

Ya tuna an ce ya dubi abin da ke gaban hancinsa, ya duba. Sawun diga ne a jikin marmara, layi a kan layi, kowane sara daidai da ɗan'uwansa. Hannun Dogo ne, tun suna samari, lokacin da shi yake sama yana auna gero a inuwa. Ya sa yatsa a cikin sara ɗaya. Igiyar da ke hammatarsa kuwa a miƙe take tsaf, ba ta saki ko taƙi ɗaya ba.

"Sassauta!" ya ce. "Ina tahiya."

Ruwan ya kama shi a idon sawu, ya hau gwiwa, ya tsaya a ƙirji kamar yadda aka faɗa. Laka ta haɗiye ƙafafunsa. Ya juya gabas yana lalube da yatsun ƙafa. Ya taka kwano, ya taka wani abu kamar tocila, ya taka takalmin da ba a san mai shi ba. Can kusurwa ya ji wani ruwa mai sanyi daban yana bugun ƙafarsa daga ƙarƙashin dutse, a hankali a hankali, kamar numfashin mai barci. Yana cikin mamakin wannan sai wani abu ya soke shi a tafin ƙafa, har sai da ya yi salati da ƙarfi.

"Mi ya hwaru?"

"Ta cije ni! Zuro ɗayar igiyar!"

Sai da ya toshe hanci ya nutse sau biyu kafin ya zare ta daga laka. Ya ɗaura mata igiya, ya ƙulle sau uku, ya sake ƙullewa na huɗu. Tana hawa yana jin sowar mutane tana saukowa.

Da aka jawo shi kuwa, dariya ce ta tarbe shi. Laka tun daga gemu har ƙafa, ga wani ganye a manne a kunne. Tsohuwa Kulsumu, wadda ba ta jin kunyar kowa a unguwar, ta ɗaga murya daga wajen famfo.

"Kai, Ciyaman! Ashe kwaɗo munka zaɓa ba mu sani ba!"

Shamsu ya miƙo masa riga. Bai karɓa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙugiyar da hannu biyu, baƙa ƙirin, tana ɗigar laka, ya nufi lungu yana ɗingishi, sawunsa ɗaya na ruwa ɗaya na jini. Sufyanu ya bi bayansa yana naɗe igiya.

A ɗaki Malam Hamisu ya durƙusa ya ɗora ta a gefen katifa. Dogo ya lalubo ta da hannu, bai ko buɗe ido ba. Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, leɓensa na motsi.

"Takwas," ya ce. "Ba ta rasa ko guda ba. Tsatsa ce kawai. A goge da toka, a shahwa mata man gyaɗa."

"Dogo, ka yahe min."

"Ka isa gaba ta huɗu ka tsaya, ko?"

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Kowa nan yake tsayawa. Ni ma ranar hwarko nan na tsaya, har na jiƙa wando." Ya yi tari. "Na yahe. Mero, sauko mai da hularshi."

Mero ta fita. Ta daɗe. Da ta dawo hular na hannunta an kakkaɓe ta, a ɗaya hannun kuma kwaryar ruwan ɗumi da gishiri. Ta ajiye kwaryar daidai ƙafarsa mai ciwo da ɗan ƙarfi, har ruwan ya fantsala.

"Tsoma," ta ce. "Kada ka ɓata min daɓe."

Malam Hamisu ya tsoma ƙafa, gishirin ya kama shi, ya cije leɓe. "Wa kake son a kai ma ita?" ya tambaya. "Sufyanu?"

"Sufyanu kullum shina kan hanyar Gusau. Mai ƙugiya a gida ake iske shi." Dogo ya tura ta da bayan hannu, ɗan kaɗan, har ta taɓa gwiwar Malam Hamisu. "Riƙe."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Kai kaɗai ka san ƙasanta a unguwagga yanzu. Ba ka ƙara sakin igiya. Sa hannu, in ji na miƙa."

Ya sa hannu. Hannun Dogo na kan haƙori ɗaya, nasa na kan ɗaya.

"Kada ka ba kowa sai da jingina. Ko hakimi ne."

Dogo ya kwana. Da hantsi, Mero na ba shi ruwa a cokali, Sufyanu na riƙe da kansa, ya yi kalmar shahada ya cika. Malam Hamisu na zaure ya ji kukan. Ya tashi ya ɗauki guga da tulu biyu ya nufi rijiya. Ga famfo na zuba a gefe, amma ruwan wankan gawar daga nan ya jawo shi, yana duban cikinta tun daga zura guga har fitowarsa. An kai Dogo kafin azahar. Mutanen da suka bi makara sun fi na jana'izar wasu masu hali, kuma da yawansu kansu na ƙasa.

A hanyar dawowa Shamsu ya matso kusa da shi.

"Malam, batun gobe fa? Siminti na nan a jibge."

"Ka gyara mata baki, ka ɗaga shi zuwa ƙugu. Marhin ƙarhe za a sa, mai buɗewa."

"Kwamiti kuwa cewa sunka yi..."

"Ni zan gaya ma kwamiti. Idon ruwanta shina da rai, na taka shi da ƙahwata. Wanda ke musu ga igiya nan."

Ba wanda ya nemi igiyar.

Kwana biyu bayan sadakar uku, da safe, Malam Hamisu na zaune a zaurensa yana sauya tsumman ƙafa, hular shuɗiya a kansa, gefe ɗaya ya koɗe ya fi ɗaya, sai ga Kulsumu ta yi sallama.

"Ciyaman, gugana ne ya tsinke a rijiyar gida. An ce kai ne mai ita yanzu."

"Mi kinka kawo?"

"Kai, Hamisu! Ni da na sha bikinka? Gidana ga shi nan kana hange."

"Ko hakimi ne."

Ta yi tsaki, ta yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, sannan ta zaro faifai daga ƙarƙashin mayafi. Dama ta zo da shi. Ya tashi ya sauko da ƙugiyar daga bango, an goge ta tana ƙyallin mai, sabuwar igiyar rama a naɗe a wuyanta.

"Ɗaura bakin igiyar a wuyan hannunki kahin ki zura."

"Na sani."

"Ɗaura dai."

Ta tafi tana riƙe da ita nesa da zane. Malam Hamisu ya miƙa hannu ya rataye faifan a kan sabuwar ƙusar da ya kafa sama da ƙofa. Iskar safe ta shigo zauren, faifan ya ɗan juya hagu, ya ɗan juya dama, sannan ya tsaya.